Gwangwani uku na man birki sun ƙare, feda har yanzu laushi: ina iskar ta ɓuya?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, na haɗa motar rairayi, irin wadda ake kira bagi, a kan shasin tsohuwar Bitil. Gaba na bar mata durom ɗinta na asali, baya na sa mata faifai da kalifa mai matse shi. Masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, sabuwa ce mai layi biyu, tana ƙasa wajen feda, kuma na sa mata birkin juyawa na hannu kusa da giya. Ni da yarona mun yi ta bilidin, wato fitar da iska daga birki, har gwangwani uku na mai sun ƙare, amma feda laushi. In an buga ta sau uku ko huɗu sai ta taso, in an bar ta minti ɗaya sai ta koma ƙasa. Na duba ko'ina ban ga yoyo ba. Don Allah me ya rage ban yi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikin hannunka. In na fahimce ka, motarka ba ta zubar da mai, man yana fita ta kowane nipil, wato ɗan notin da ake buɗewa a fitar da iska, amma feda ba ta tsayawa sai an yi mata famfo. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi gwangwani na huɗu tukuna. Duk man da ke cikin birkin mota irin wannan bai cika rabin lita ba. Wanda ya wuce da gwangwani uku ta ciki bai samu feda ba, to ba yawan bugu ne ya rage masa ba. Ko dai iskar tana zaune a wurin da mai ke wucewa ta ƙarƙashinta bai taɓa ta ba, ko kuma abin da ke damun motar ba iska ba ce sam.

Aikin birkin mai ya dogara ne a kan abu ɗaya: mai ba ya matsuwa. In ka tura shi ta nan, dole ya tura wani abu ta can. Iska kuwa tana matsuwa, saboda haka ƙwayar iska ɗaya a cikin bututu sai ta shanye tafiyar feda kafin ƙarfin ƙafarka ya kai ga taya. Kuma iska a cikin mai kullum sama take nema. Ɗauki kwalbar ruwa da ba ta cika ba ka kwantar da ita, duk inda ka karkata ta, iskar can mafi tsayi za ta gudu. In bakin kwalbar ba shi ne a sama ba, ruwa zai yi ta zuba, iskar na nan zaune.

A motar kamfani, injiniyoyi sun riga sun shimfiɗa bututu sun kafa kalifa yadda kowane nipil zai zama shi ne ƙololuwa a wurinsa. Motar rairayi ba haka take ba. Tun lokacin da Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx a Kalifoniya a 1964, aka kuma shiga ɗora irinta a kan shasin Bitil, wannan mota ta masu haɗi da hannu ce, kowa da inda ya ga dama ya bi da bututunsa. Mu ma nan shasin bai yi mana wuyar samu ba, tunda an haɗa Bitil a Legas daga 1975. Amma duk wanda ya canza tsarin birkinta na asali, shi ne injiniyan, shi zai nemo wa iska hanyar fita.

Ka tabbatar iska ce tukuna

Ka buga fedar har ta taso, sannan ka danna da ƙarfi ka saurari abin da ƙafarka ke gaya maka. In ta taso ta yi tauri ƙam, ba ta ba da komai, wannan ba alamar iska ba ce. Alama ce ta cewa akwai tazara tsakanin laini, wato takalmin birki, da durom, ko tsakanin fad, wato takalmin da ke cikin kalifa, da faifai, kuma bugun farko da na biyu suna tafiya ne wajen cike wannan tazarar. In kuwa ta taso amma tana lotsawa tana dawowa a ƙarƙashin ƙafa, wannan iska ce, ko tiyon roba da ya tsufa yana kumbura. In ka riƙe ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali, alhali babu ɗigo a ko'ina, to robobin cikin masta ne ke barin mai ya koma baya. Sabuwar masta ma tana yin haka. Na sha fitar da ita daga kwali na tarar da ita a haka, musamman masu arha.

Bayanin da ka yi, cewa tana tasowa da famfo ta koma bayan minti ɗaya, ya sa na fi zargin durom ɗin gaba kafin komai. Birkin Bitil ba ya daidaita kansa. Kowace taya tana da taurari biyu masu haƙora, ɗaya ga kowane laini, da hannu ake juya su. In laini ya yi nisa da durom, famfo zai tura shi ya kai, kana sakin feda sifirin ya jawo shi baya, ka koma inda ka fara. Ko ka yi bilidin shekara guda ba za ta canza ba. Ka ɗaga gaba, ka juya kowane tauraro har taya ta ƙi juyawa, ka taka feda sau ɗaya don laini ya zauna tsakiya, ka ƙara matsewa in ta saki, sannan ka mayar da haƙora uku ko huɗu har taya ta juya da ɗan gogawa kaɗan. A garejina, ba na barin yaro ya taɓa nipil ɗin mota mai durom sai an yi wannan.

Sai sandar da ke tura fistin ɗin masta. Dole a bar mata ɗan wasa, kamar milimita 1 kafin ta taɓa fistin, wanda a saman feda zai zama milimita 5 zuwa 7. A cikin masta akwai wata 'yar ƙaramar huda da ke haɗa kofin mai da silinda, fistin yana buɗe ta ne kawai in ya dawo gida gaba ɗaya. In sandar ta yi tsawo, hudar a rufe take, mai ba ya sauka yadda ya kamata, iska ba ta hawa kofi, kuma da birki ya ɗau zafi sai ya kama taya. In sandar ta yi gajarta kuwa, rabin tafiyar feda a banza yake tafiya. Ka duba kuma akwai sifirin da ke dawo da fedar har ƙarshe.

Da ka gama waɗannan biyun, ka raba matsalar gida-gida. Kwance bututun da ke fita daga masta, ka toshe ramukan da noti mai irin zarensu, ka taka a hankali. Masta mai lafiya wadda babu iska a cikinta, feda za ta tsaya a sama ƙam. In ta yi laushi a haka, ka samu mai laifi, ba sai ka je taya ba. In ta yi tauri, mayar da layin gaba kaɗai ka gwada, sannan na baya. Cikin rabin awa za ka san rabin motar da ke da matsala, maimakon ka yi ta zagaye tayoyi huɗu.

Maɓoyar iska a mota irin taka

Ta farko masta ce da kanta. Ka ce sabuwa ce, amma ba ka ce ka cire mata iska kafin ka ɗaura ta ba. Masta busasshiya tana riƙe iska a ƙarshen silinda, kuma in an kafa ta hancinta ya ɗan ɗaga sama, wannan iskar ba za ta bi bututu ba. Ka cire ta ka kama ta a bais a kwance daidai, ka sa gajerun tiyo daga ramukan fita su koma cikin kofin, bakinsu a nutse cikin mai. Tura fistin da sanda a hankali, ka saki a hankali, ka dakata 'yan daƙiƙu, ka sake, har kumfa ya daina fitowa. Ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa jikinta da bayan sukudireba.

Ta biyu, kuma wadda na fi samu a motocin da aka sa wa faifai daga baya, ita ce kalifa da nipil ɗinsa ba ya sama. Wani lokaci an musanya na dama da na hagu ne, sai nipil ya koma ƙasa. Wani lokaci kuma mai walda ya kafa mariƙin kalifa a inda ya samu wuri, gaban faifai ko ƙasansa, sai nipil ya kalli gefe. Mai zai fita tas babu kumfa, kai kana murna, iskar tana saman fistin. Tsuguna ka duba da idonka: in akwai wani ɓangare na ramin fistin da ya fi nipil tsayi, to akwai iska a wurin. In musanya aka yi, mayar da kowanne gefensa. In mariƙin ne, kwance kalifan daga jikinsa ba tare da ka cire tiyo ba, ka sa katako mai kaurin faifai tsakanin fad ɗin biyu don kada fistin ya fito, ka riƙe shi nipil na kallon sama, ka yi bilidin a haka, sannan ka mayar. Akwai kalifofin da ke da nipil huɗu, biyu sama biyu ƙasa, don a iya ɗaura su kowane gefe. Na sama kaɗai ake buɗewa.

Ta uku birkin juyawa. A nan zan daɗe, domin shi ne abin da makanikan motocin titi ba su saba da shi ba. Wannan na'ura ƙananan silinda ne da aka saka a tsakiyar layin baya. In hannunta yana zaune, man da feda ta turo yana ratsa ta ya wuce tayoyin baya biyu. In ka ja hannun, sai ta rufe hanyar da ta zo daga masta ta matse taya ɗaya, motar ta juya a kan wannan tayar. To duba inda ka kafa ta: kusa da giya, inda hannu zai kai, wato sama da masta, watakila sama da kalifofin ma. Bututu ya hau zuwa gare ta, ya sake sauka zuwa baya. Ita ce ƙololuwar layin gaba ɗaya, duk iskar da ke yawo can za ta taru, kuma bugun feda ba ya iya tura ta gangare zuwa taya, sai ta ɗan matsa ta dawo.

Ga yadda nake yi mata. Na farko a tabbatar hannun yana komawa mazauninsa sarai, babu abin da ya tokare shi, in ba haka ba hanyar mai a rufe take. In tana da nipil nata, da shi ake farawa kafin a je taya. In ba ta da shi, yaronka ya danna feda ya riƙe, kai kuma ka sassauta notin bututun da ke shiga, ka nannaɗe da tsumma, mai da iska su fito, ka ɗaure kafin ya saki. Haka za ka yi wa notin fita na dama da na hagu. In ramukan fitar suna kallon ƙasa, kwance na'urar daga mazauninta ka karkata ta su kalli sama. Bayan haka sai ka yi amfani da hannun kansa: a danna feda a riƙe, a ja hannun dama, ka buɗe nipil ɗin kalifan dama, ka rufe, a mayar da hannun a hankali feda tana danne, don silindar ta cika da mai daga masta, kada ta zuƙo iska. Sai a saki feda. Ka maimaita har ya fita tas, ka koma hagu. Wannan aikin mutum uku ya fi yi wa daɗi.

Sauran maɓoyar ita ce duk inda bututu ya yi baka, ya hau kan ƙarfen shasi ya sauko. In za ka iya sake shimfiɗa shi ya bi ƙasa, yi hakan. In ba hali, ɗaga gaba ko bayan motar da jak yadda bakan zai kwanta.

Yadda ake bugun

Yawancin garejoji ana yin famfo da sauri, fam-fam-fam, sannan a ce riƙe. Ban yarda da wannan ba. Bugu da sauri yana farfasa babbar ƙwayar iska ta zama ƙananan kumfa da ido ba ya gani, su gauraye da mai, bayan awa ɗaya su sake haɗuwa. Tunda kun riga kun yi ta bugu, bar motar ta kwana kafin ka sake farawa.

Samo tiyo siriri mai gani-har-hanji wanda zai kama kan nipil, da kwalba mai ɗan mai a ciki, bakin tiyon a nutse. Wanke yashi da laka daga kan nipil kafin ka taɓa shi, ka sa sufana mai zobe, na Bitil lamba 7 ne. In ka buɗe mai bai fito ba, cire shi gaba ɗaya ka zure hudarsa da siririyar waya, laka ce ta toshe. Kai ne mai magana, yaro yana bin umarni. Ka ce taka, ya danna a hankali. Ka buɗe kwata, feda ta sauka, ka rufe kafin ta kai ƙasa. Sannan ka ce saki, ya ɗaga ƙafa a hankali, a jira daƙiƙa biyar. In ya saki kafin ka rufe, an zuƙo iska, aiki ya koma baya. A kowane layi ka fara da tayar da ta fi nisa da masta. Kofi kuma kada ya sauka ƙasa da rabi, bayan kowane bugu biyar ko shida ka leƙa.

In wannan bai ba ka feda ba, juya aikin. Samo babban sirinji sabo, cika shi da mai, fitar da iskar cikinsa, haɗa shi da nipil ta tiyo, ka buɗe ka tura man a hankali daga taya zuwa masta. Yanzu kana tura iska inda take son zuwa da kanta. Wani ya tsaya a kofi yana kwashe man da ke tasowa don kada ya malala. A motoci masu bututu hawa da sauka, wannan hanya ta fi ba ni sakamako fiye da kowace. Abu ɗaya ke hana ta aiki, shi ne in akwai bawul mai riƙe matsi a layin, wanda zan zo kansa yanzu.

In babu iska kuma feda ba ta gyaru ba

Ka ce masta tana ƙasa. In kofin manta yana ƙasa da tsayin kalifa, mai yana gangarowa baya da kansa in mota ta tsaya, fistin ya ja da baya, bugun farko ya tafi a banza. Wannan ma ya yi daidai da abin da ka kwatanta. Magani mafi sauƙi shi ne a ɗaga kofin sama a haɗa shi da masta ta tiyon da man birki ba ya ci, kamar yadda Bitil ta zo da shi. In ba zai yiwu ba, akwai ɗan bawul da ake sakawa a layi yana riƙe matsi kaɗan: mai psi 2 (psi ma'aunin matsi ne) na faifai ne, mai psi 10 na durom. Kada ka musanya su. Mai 10 a layin faifai zai sa fad ya riƙa goga har faifai ya yi zafi. Wasu mastocin durom suna zuwa da nasu a ciki, ka bincika taka kafin ka ƙara wani.

Sai aikin waldarka, kuma ka yi haƙuri, dole a duba shi. In mariƙin kalifa bai yi daidai da fuskar faifai ba, ko ƙarfen ya yi siriri, duk taka feda sai ya lanƙwasa kafin fad ya kama sosai, in an saki ya dawo ya tura fistin ciki. A ƙafa, ba ka bambanta wannan da iska. Sa yaro ya taka da ƙarfi kai kana kallon kalifa. In ka ga yana motsi ko yana murɗawa, gyaran na wurin. Haka in boris yana da wasa ko babban notin aksul na baya, mai lamba 36, bai ɗauru ba, faifai zai riƙa kaɗawa yana korar fad. Wannan notin kusan Nm 300 yake so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba ɗaurin hannu ba ne.

Akwai kuma girman masta. Kalifa ya fi silindar durom shan mai nesa ba kusa ba. Masta mai faɗin milimita 19 tana tura mai fiye da mai milimita 15.9 da kusan kashi 43 cikin 100 a tafiya ɗaya. Ƙaramar masta tana ba da birki mai kamawa da ɗan ƙarfi, amma feda doguwa. Babba tana ba da feda gajera mai tauri, amma sai ka sa ƙarfi. Wanda ya ɗaura manyan kalifofi a kan ƙaramar masta zai yi ta neman iskar da babu ita.

Game da man kansa, DOT 3 ko DOT 4 ka saya, a rufe da hatiminsa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma dukansu suna shan danshi daga iska, in sun sha sai su sauko wajen 140 da 155. Motar da ke shiga laka da ruwan damina, ni duk shekara nake canza mata. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da waɗancan. Man da ya fito ta nipil kada ya koma kofi. Man inji ko na giya in ya shiga, ko kaɗan ne, robobi duka za su kumbura, sai an canza su. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa a hanya yana tafasa a digiri 100 kuma yana sa tsatsa a silinda. Man birki yana cin fenti, in ya zuba ka wanke da ruwa nan take, ka kuma ɗauke kwalbar daga inda yara da dabbobi za su kai, guba ne. Tunda kai ka ja bututun da kanka, ka tabbatar na birki ne na ƙarfe, ba jan bututun masu gyaran firji ba, wanda girgiza ke sa shi ya tsage. Ka duba kuma bakin bututu da ramin da ya shiga irinsu ɗaya ne, domin na Bitil zaren M10 ne mai baki kumburarre, kayan Amurka kuwa zarensu da bakinsu daban. In an haɗa su da ƙarfi suna iya yin kamar sun kama, su riƙa jiƙewa kaɗan-kaɗan.

Daga nan inda nake ba zan iya taka fedarka ba, kuma a aikin birki ƙafa tana gane abin da rubutu ba ya kawowa. Duk abin da na faɗa na mota ce marar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki. Ba zan kuma ce maka ga girman mastar da za ka saya ba sai an auna faɗin fistin na kalifofin, an ƙirga su, an auna tsawon feda daga maƙallinta zuwa inda ƙafa ke taka da kuma zuwa inda sanda ta kama. Ba tare da bosta mai ƙara wa ƙafa ƙarfi ba, ana son tsawon farko ya ninka na biyu kamar sau 6. In ka bi duk wannan ba ta gyaru ba, aiko min da waɗannan awo da hoton kalifa a ɗaure.

In kuma feda ta samu, riƙe ta da ƙarfi na minti ɗaya, ka bi kowane noti da busasshen yatsa. Mayar wa kowane nipil hularsa ta roba saboda yashi. Gwajin farko a fili shimfiɗaɗɗe za ka yi shi, da gudun tafiyar ƙafa, babu kowa a gaba, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan, ka ja hannun juyawa dama da hagu, ka sake taka feda ka ji ko ta canza. Washegari da safe, kafin ka tayar da inji, taka ta sau ɗaya tak. In ta tsaya inda ka bar ta jiya, sai ka nufi tudun rairayi. In ta sauka, koma kan birkin juyawa da tsayin kofin mai.